Tsamin Jiki da Allurar Bergström: Tarihin Yadda Aka Leƙa Cikin Tsoka



Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san kwana ukun farko na noman firi. Saurayi ya yi rani a Kano, ko a makaranta ko a wajen ci-rani, ruwa ya sauka ya dawo gida, ya saɓi fartanya ya bi yayyensa gonar masara. Ranar farko lafiya lau, har da gasar kai kunya. Wayewar gari kuwa sai ya ji kamar an kwana ana dukansa: cinya ta ɗaure, ƙugu ya ƙi miƙewa, damtse ba ya son a taɓa shi. Rana ta biyu ta fi ta farko muni. Amma idan ya daure, kafin mako biyu sai ka gan shi yana duƙe tun daga hantsi har azahar ba ya ko waiwaye. Dattawa su ce jiki ya saba.

To, mene ne ya canza a cikin tsokar yaron nan tsakanin ranar farko da rana ta goma sha huɗu? Tambayar tana da sauƙin yi, amma sai da masana suka shafe sama da shekara ɗari suna bin ta. Hanyar da suka bi kuwa ita ce allura mai gutsiro tsokar mutum yana raye. Tarihin wannan allura muka kawo yau, domin a cikinsa akwai wani tuntuɓe da masu ilimi suka yi, wanda mu ma masu riƙe da alƙalami muke yi ba tare da mun lura ba.

LIKITAN DA YA ƘERA ƊAN MASHI

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, abin da aka sani game da tsoka daga gawa aka san shi, ko daga dabba. Wannan ilimi ba ƙarami ba ne, kuma mahauta da masu girki na da rabonsu a ciki. Kowa ya san ƙirjin kaza fari ne, cinyarta kuwa ja-ja ce, alhali ƙirjin tattabara ja ne wur. Kaza tafiya take yi, tashinta na ɗan lokaci ne, tattabara kuwa da ƙirjinta take yini a sama. A 1873 wani Bafaranshe mai suna Louis Ranvier ya nuna a jikin zomo cewa jar tsoka a hankali take tsukewa kuma tana da juriya, farar kuwa tana da sauri. Sai dai naman da aka yanka ba ya faɗa maka abin da ke gudana a jikin mai rai yayin da yake aiki ko yake ciwo.

Wanda ya fara buɗe wannan ƙofa sosai shi ne Guillaume Duchenne, haifaffen garin Boulogne da ke bakin teku a arewacin Faransa, a 1806. Ya koma birnin Faris a 1842, bai riƙe wani babban muƙami a asibiti ba, yawo yake yi ɗaki-ɗaki da akwatinsa na lantarki yana gwada tsokar marasa lafiya. A nan hankalinsa ya kai ga wasu yara maza masu wani irin ciwo mai ɗaure kai. Sha-raɓarsu ta yi ɓul-ɓul kamar ta 'yan kokawa, amma ba su da ƙarfi, suna yawan faɗuwa, kuma kullum abin gaba yake yi. Yaya tsoka za ta yi girma ƙarfi kuma yana raguwa?

A zamanin, a tsaga jikin yaro don kawai a duba abu kasada ce babba, domin ruɓewar rauni na kashe mutane. Don haka a cikin shekarun 1860 Duchenne ya ƙera wani ɗan ƙarfe siriri mai rami, da wani ɓangare mai zamewa a ciki. A soka shi, a tura mazamin, ya datso ɗan mitsitsin nama a fito da shi. Mutane suka riƙa kiransa mashin Duchenne. Da ya duba abin da ya ɗebo a madubin likita, sai ya ga kitse da jijiya-jijiya sun cinye wurin tsoka. Girman da ake gani kumburin banza ne. Ya wallafa cikakken bayaninsa a 1868, kuma har yau da sunansa ake kiran cutar. Ya rasu a 1875. Sai a 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta.

Bayan rasuwarsa mashin bai samu karɓuwa ba. Kusan shekara casa'in likitoci sun fi dogara ga tsagawa da wuƙar tiyata idan suna son ganin tsoka, abin da ba a yi wa mai lafiya, balle a maimaita masa.

MUTUM BIYU, KEKE ƊAYA

Abin mamaki, wanda ya farfaɗo da dabarar ba masanin wasanni ba ne. Likitan ƙoda ne a birnin Istokhom na ƙasar Suwidin, sunansa Jonas Bergström. Damuwarsa ita ce gwajin jini ba ya nuna masa yawan gishiri da ruwan da ke cikin naman masu ciwon ƙoda. A 1962 ya fito da allurarsa, mai kauri kamar milimita 5, wato kusan siririn fensir. Ana kashe fatar gefen cinya da allurar kashe zafi, a yi 'yar tsaga da ba ta kai santimita ɗaya ba, a tura allurar a datso nama kamar ƙwayar shinkafa uku ko huɗu. A liƙe wurin, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa.

Babban abin da allurar ta kawo shi ne ana iya maimaitawa. A ɗiba da safe, a ɗiba da rana, a ɗiba gobe, duk a jikin mutum ɗaya. Ta haka aka samu damar bin tsoka a cikin lokaci, kamar yadda manomi ke zagaya gonarsa kowace safiya. Mu riƙe wannan a zuciya, domin inda alherin yake nan matsalar ta ɓuya.

Bergström da abokin aikinsa Eric Hultman suka juya ga wani sinadari da Claude Bernard ya gano tun 1857, wato gilaikojin. Shi ne rumbun sukari na jiki: abin da aka ci na sitaci, jiki na tara wani kaso nasa a hanta da tsoka don ranar aiki. Gwajin da suka wallafa a mujallar Nature a 1966 a kan kansu suka yi shi. Suka sa keken motsa jiki a tsakiya, wannan ya zauna a dama, wancan a hagu, kowa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan feda, ɗayar tana hutawa. Suka yi ta tuƙi har ƙafafun suka gaza. Aka ɗebi tsoka daga ƙafar da ta yi aiki da wadda ta huta, sannan suka yi kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci, ana ci gaba da ɗiba.

Rumbun ƙafar da ta yi aiki ya kusan ƙarewa a ranar farko. Amma zuwa rana ta uku ya cika ya tumbatsa, har ya kai kusan ninki biyu na ƙafar da ta huta. Jini ɗaya ne ke zagaya ƙafafun biyu, abinci ɗaya aka ci, don haka bambancin daga cikin tsokar da ta wahala ya fito. Ita da kanta ta ƙara wa kanta tanadi.

A shekarar da ta biyo baya, 1967, su biyun tare da Lars Hermansen da Bengt Saltin suka gwada mutum 9 da abinci iri uku. Bayan kwanaki na cin mai da nama kawai, matsakaicin lokacin da suka iya tuƙa keke kafin su gaza minti 57 ne. Da abinci gauraye, minti 114. Da abinci mai yawan sitaci, minti 167. Daga nan masu tseren dogon zango na duniya suka ɗauki al'adar cika ciki da sitaci kwanaki kafin gasa. Manomin Zarewa ko Fulatan da ba ya wasa da tuwon dare a tsakiyar damina bai karanta wannan ba, amma jikinsa ya daɗe da sanar da shi.

Dabarar ƙafa ɗaya ta zama abin koyi. Mu da muka saba kallon dambe da kaka ba za ta zame mana baƙuwa ba: ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da ƙara ya yi duka da shi, ɗayan na kariya ne. Mutum ɗaya, jini ɗaya, gaɓoɓi biyu masu aiki daban. Masu bincike sun ɗauka cewa gaɓar da ta huta ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya. Za mu ga yadda wannan zato ya ƙare.

WA KE BA DA UMARNI?

A wannan shekara ta 1967, a birnin St. Louis na Amurka, John Holloszy ya sa ɓeraye gudu na makonni, ya gano cewa sinadaran maitokondiriya na tsokarsu sun kusan ninkawa. Maitokondiriya su ne murhunan da ke cikin ƙwayar halitta, inda ake ƙona abinci da iskar da muke shaƙa a samu ƙarfi. Mai yawan murhu ba ya saurin gajiya. A 1972 Philip Gollnick da Saltin da abokansu suka yi amfani da allurar Bergström a kan 'yan wasa, suka nuna cewa masu wasannin juriya sun fi yawan zaren tsoka irin mai jinkiri da daɗewa. An fara ganin abin da ke canzawa ke nan. Saura a san wanda ke ba da umarnin canjin.

A nan sai mun ɗan tsaya mu fahimci abu ɗaya. Kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikinmu tana ɗauke da kundi iri ɗaya da muka gada daga iyaye, mai babi kusan 20,000. Kowane babi shi muke kira ƙwayar gado, kuma bayani ne na yadda za a haɗa wani furotin. Kundin ba ya fita daga ɗakinsa. Idan tsoka na bukatar wani furotin, sai a buɗe babinsa a kwafo shi a kan allo, a kai allon wurin ƙira, a yi aiki da shi, sannan a wanke. Wannan rubutun allo shi masana ke kira mRNA. Tsoka da hanta kundinsu ɗaya, babin da kowacce ke buɗewa ne ya bambanta. Saboda haka idan aka ce motsa jiki ya tayar da wata ƙwayar gado, ana nufin an ƙirga allunan wannan babi an ga sun ƙaru. Kundin kansa yana nan yadda yake.

A cikin shekarun 1990 na'urorin ƙirga waɗannan alluna suka yi araha suka yaɗu, har ta kai ana iya duba dubban babi a gutsire ɗaya. A 1998, a ɗakin binciken Bruce Spiegelman da ke Boston, aka gano wani furotin da aka sa wa suna PGC-1α, wanda aikinsa kamar na sarkin maƙera ne: idan ya tashi, sai a hau gina sababbin murhuna. A 2003 Henriette Pilegaard da Saltin da Darrell Neufer suka wallafa gwajin da suka yi a Kofanhegin ta ƙasar Denmak. Bayan motsa ƙafa na awa uku, allunan PGC-1α a cinyar mutane sun ninka sau 7 zuwa 10, suka kai ƙololuwa cikin awa biyu da gama aikin, sannan suka sauka.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Tsarin gwajin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: a tara samari da sassafe ba su karya ba, a ɗebi tsoka, su motsa jiki, a sake ɗiba nan take, a sake bayan 'yan awoyi, wani lokaci har washegari. Duk abin da ya ƙaru a kan ɗiban farko, sai a rubuta cewa motsa jiki ne ya jawo shi. Jerin ƙwayoyin gadon motsa jiki ya yi ta tsawo.

RANAR DA AKA ZAUNAR DA RABIN MUTANE

Alamun matsala sun fara bayyana tun da wuri. A 1998 Doron Aronson da abokansa suka nuna cewa raunin allurar kaɗai na kunna wasu hanyoyin saƙo a cikin tsoka, irin waɗanda ake gani bayan motsa jiki. A 2000 Christer Malm da abokansa a Suwidin suka tafi neman kumburin da ake zaton shi ke kawo tsamin jiki. Suka sa wasu mutane irin tuƙin keken da ke tsamar da cinya, wasu kuma ba su yi komai ba, amma duka aka riƙa ɗibar tsokarsu a kai a kai. Sai ga shi sojojin jini masu zuwa wurin rauni sun ƙaru kusan daidai wa daida a rukunin biyu. Wanda ya wahala da wanda ya zauna, tsokarsu labari ɗaya take bayarwa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne allura.

Sai a 2005 aka yi maganar a fili. Kristian Vissing da Jesper Andersen da Peter Schjerling, su ma a Kofanhegin, suka wallafa gajeren rahoto wanda kansa tambaya ce: shin ƙwayoyin gadon da ake cewa motsa jiki ke tayarwa, shi ɗin ne kuwa ke tayar da su? Mutum 14 suka ɗauka. Bakwai suka motsa jiki, bakwai suka zauna, aka ɗebi tsokar kowa a lokuta iri ɗaya. Da yawa daga cikin ƙwayoyin gadon da aka daɗe ana jingina wa motsa jiki sun tashi a jikin waɗanda ko gumi ba su yi ba.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko rauni. Tun 1961 Alexander Mauro ya gano wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kwance a gefen zaren tsoka suna jiran ɓarna, da zarar an ji ciwo su farka su hau gyara. Tsoka ba ta tambayar ko fartanya ce ta wahalar da ita ko ƙarfen likita, babin gyara ɗaya take buɗewa. Ɗiba na biyu, idan ya faɗa kusa da na farko, wurin da ake tsakiyar jinya ya ɗebo. Na biyu yunwa. Mutumin da aka hana karin kumallo aka riƙe shi har rana, jikinsa zai juya daga ƙona sukari zuwa ƙona kitse, kuma akwai ƙwayoyin gado irin su PDK4 da yunwa kaɗai ke tayar da su. Na uku lokaci. Jiki na da agogonsa, wasu babi da safe ake buɗe su, wasu da yamma, ko an motsa ko ba a motsa ba. Binciken wannan agogo ne ya samu kyautar Nobel a 2017. Ɗiban ƙarfe takwas na safe da na ƙarfe biyu na rana ba za su zo ɗaya ba ko da mutum barci ya yi a tsakani.

Ba kowa ne ya samu sakamako iri ɗaya ba. A wannan shekara ta 2005 Carsten Lundby da Pilegaard da abokansu suka duba tasirin maimaita ɗiba, ba su ga wani canji na a zo a gani ba a ƙwayoyin gadon da suka auna. A 2012 kuma Birgit Friedmann-Bette da abokanta a Heidelberg ta Jamus suka gwada da allura siririya, wadda ake ganin ba ta da ɓarna, suka samu canje-canje masu kama da juna tsakanin masu ɗaga nauyi da waɗanda aka soka kawai. Saɓanin ya koyar da cewa amsar ta danganta ga wane babi ake dubawa, da tazarar da ke tsakanin rami da rami, da tsawon lokacin da aka bari.

Ita ma ƙafar da ta huta ba ta tsira ba. A 2012 Milène Catoire da abokanta a Wageningen ta ƙasar Holan suka maimaita dabarar ƙafa ɗaya, suka duba dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda. Sama da 900 sun canza a ƙafar da ta tuƙa keke, sama da 500 kuma a wadda ba ta motsa ba. Jinin da ke zagayawa yana ɗauke da kitse da sinadaran saƙo, yana kai labarin aikin har inda ba a yi shi ba. Hannun kariyar ɗan dambe ma yana jin abin da hannun duka ke ciki.

Wannan bai rushe ilimin ba, tace shi ya yi. Abubuwa irin su tashin PGC-1α bayan aiki sun tsaya da ƙafarsu a gwaje-gwaje masu yawa. Abin da ya canza shi ne ladabin aikin: sabon rami ga kowane ɗiba, da tazarar santimitoci a tsakani, ko a riƙa sauya ƙafa, a daidaita abinci da lokaci, kuma a ajiye rukunin da za a yi musu komai ban da motsa jikin. Babban shirin MoTrPAC da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta zuba wa kimanin dala miliyan 170 an tsara shi ne da irin wannan rukuni na masu zama. Malaman gona da ke kafa gonar gwaji a ƙauyukanmu sun san hikimar: idan kana son a yarda takinka ne ya yi aiki, ka bar wasu kunyoyi a gefe ba taki, ruwa ɗaya ya dake su, rana ɗaya ta gasa su.

KOMAWA GONAR MASARA

Yanzu me za mu ce da saurayinmu mai tsamin jiki? Abin da allura ta tabbatar shi ne kowane yinin aiki na tayar da guguwar rubutun allo na 'yan awoyi, sannan ta kwanta. Allon na wankuwa, amma furotin da aka ƙera da shi na daɗewa. Gobe a sake, jibi a sake, abin na taruwa. A 2010 Christopher Perry da abokansa a Kanada suka bi mutane cikin horon mako biyu, suka ga daidai wannan: alluna na tashi suna sauka bayan kowane zama, furotin da murhuna kuwa na hawa sannu a hankali. Sabon da dattawa ke faɗa, tarin waɗannan ƙananan gine-gine ne. Idan aka ajiye fartanya aka yi watanni a zaune, ginin na raguwa, shi ya sa kowace damina sai an sake biyan kuɗin shiga.

Shi kansa tsamin, an daɗe ana ɗora wa sinadarin laktik laifinsa, alhali shi cikin awa ɗaya ko biyu da gama aiki yake washewa, tsamin kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai ƙarshen zafinsa. An fi danganta shi da aikin da tsoka ke yi tana miƙewa a ƙarƙashin nauyi, kamar sauka daga tudu ko duƙawa da kaya.

Mu kuma lura da su wa aka gwada. Mutum 9 a nan, 14 a can, galibinsu samarin Turai a ɗaki mai sanyi. Mai jan taru a madatsar ruwan Challawa, da mai saran rake a fadamun Rogo, da matar da ke daka tun asuba, aikinsu da abincinsu da zafin ranarsu daban ne. Tushen yadda tsoka ke aiki ɗaya ne ga ɗan Adam, amma alƙaluman Kofanhegin ba a kwaso su a dasa a Karaye kai tsaye.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, kullum muna cin karo da rubuce-rubucen da ke farawa da "bincike ya nuna", musamman a bakin masu tallar garin gina jiki da magungunan ƙarfi, wasunmu kuma na kwasa su zuba a labari ko maƙala. Tarihin nan ya ba mu tambayoyi uku da za mu riƙa yi kafin mu kwafa: mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, kuma shi awon bai taɓa abin da ake aunawa ba? Ƙwararrun masana sun yi shekaru ba su yi ta ukun da ƙarfi ba.

Na biyu ya fi kusa da mu. Mu ma muna da allura, ita ce tambaya. Tun da aka ƙirƙiro masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake dawo da ita a wannan shekara ta 2024 a matsayin mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, sha'awar tarihin yankin ta ƙaru, kuma kowane mai tambaya da abin da yake fatan ji. Mun taɓa zuwa wurin wani dattijo sau uku a kan labarin kafuwar unguwarsu. A zuwan farko ya ce abu kaza ya ji daga kakansa, abu kaza kuma bai sani ba. A na biyu muka tambaye shi ko mutanen daga gabas suka zo, ya ce mai yiwuwa. A na uku, kafin mu buɗe baki, ya tabbatar mana daga gabas suka zo. Muka dawo da murna mun samu hujja. Sai da muka saurari faifan farko muka gane cewa gabas ɗin nan daga bakinmu ta fito. Dattijon bai yi ƙarya ba, ramin da muka huda ne ya warke da abin da muka bari a ciki.

Maganin bai bambanta da na masu allura ba. A adana hirar farko yadda take, da kwanan wata, kada a goge ta don an samu wadda ta fi daɗi. A rubuta tambayar da aka yi tare da amsar. A guji sa wa mai ba da labari kalma a baki. A nemi wani dattijon a wata unguwa wanda ba a taɓa tambaya ba, a ji nasa kafin labarin na farko ya kai masa. Idan kuma ruwayoyin sun saɓa, a kawo su duka biyun, kamar yadda sakamakon Vissing da na Lundby suke zaune gefe da gefe tun 2005.

Wanda ya ga gyara a wannan rubutu, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.